Tambayoyi da Amsoshi kan Jagorar Yanke Shawara a Lokacin Agajin Gaggawa na Shanyewar Ɓarin Jiki

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti bayan bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, ya san cewa ba a samun lokacin dogon tunani. Likita zai zo da magana mai nauyi, ya ce akwai allurar da za ta iya dawo wa mara lafiya da ƙarfin jikinsa, amma kuma tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, sannan ya nemi amsa cikin 'yan mintoci. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kayan da aka ƙirƙira domin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci.

Mece ce jagorar yanke shawara, kuma me ya kawo ta sashen agajin gaggawa?

Jagorar yanke shawara takarda ce, ko kati, ko manhaja a waya da kwamfuta, wadda take shimfiɗa wa mara lafiya da iyalinsa zaɓin da ke gabansu, ta nuna amfanin kowanne da haɗarinsa cikin alƙaluman da aka samo daga bincike, sannan ta taimaka musu su faɗi abin da ya fi musu muhimmanci. An fara amfani da irinta ne a inda ake da kwanaki ko makonni na tunani, kamar zaɓin tiyata ko gwajin sankara. Shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ta ba da wannan sarari, shi ya sa jagorar da ake yi dominta takan kasance gajera ƙwarai, sau da yawa shafi ɗaya mai hoto. Tana da fuska biyu: ɗaya ta likita, wadda take ƙiyasta masa yadda wannan mara lafiyar da ke kwance a gabansa zai iya kasancewa idan an yi magani da idan ba a yi ba, ɗayar kuma ta iyali, wadda take mayar da ƙiyasin abin da ido zai iya gani. Ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ba ta maye gurbin likita.

Wace shawara ce ainihin ake yankewa a waɗannan mintoci?

Cutar iri biyu ce, kuma ba a iya bambance su da ido. A nau'i na farko gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, a na biyu kuwa jijiyar ce ke fashewa jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke raba gardama, kuma kafin a ɗauke shi babu wata jagora da za ta yi amfani, domin allurar da ke ceton mai toshewar jijiya tana iya kashe mai fashewar jijiya.

Idan hoto ya nuna babu zubar jini, shawara ta farko ita ce ko a yi allurar narkar da gudan jini. Wadda aka daɗe ana amfani da ita sunanta alteplase, kuma gwajin da Cibiyar NINDS ta binciken cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka ta wallafa a 1995 ne ya tabbatar da amfaninta cikin awa 3 na farko, aka amince da ita a can a 1996, sannan gwajin ECASS III na Turai ya faɗaɗa lokacin zuwa awa 4 da rabi a 2008. Ana auna ta da nauyin mutum, miligiram 0.9 a kowane kilo, ba a wuce miligiram 90, a tura kashi 10 cikin 100 nan take, sauran kuma su shiga ta ƙarin ruwa cikin awa ɗaya. A 'yan shekarun nan asibitoci da yawa sun koma ga tenecteplase, wadda ake yi a allura ɗaya tak. Shawara ta biyu ita ce ko a zaro gudan jinin da na'ura, za a zo kan wannan a ƙasa.

Me ya sa likitoci suke nacewa kan tambayar lokacin da aka ga mara lafiya lafiya ƙalau na ƙarshe?

Saboda duk alƙaluman da ke cikin jagorar a kan agogo aka gina su. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, mutum yana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Amfanin allurar yana raguwa da tafiyar lokaci, haɗarinta kuwa ba ya raguwa.

Inda iyali suka fi yin kuskure shi ne su faɗi lokacin da suka tarar da mara lafiya a maimakon lokacin da suka gan shi garau. A ɗauki misalin dattijon da ya dawo daga sallar isha'i, ya ci tuwo, ya yi wa jikokinsa hira har ƙarfe 9 da rabi, ya shiga ɗaki, sai da asuba matarsa ta ji bai fito alwala ba, ta leƙa ta same shi yana ƙoƙarin tashi ƙafarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa. Idan aka tambaye ta, za ta ce abin ya faru da asuba, alhali a lissafin asibiti agogo ya fara bugawa ne tun ƙarfe 9 da rabi na dare. Wannan ba ya nufin an rufe ƙofa gaba ɗaya, domin gwajin WAKE-UP na 2018 ya nuna cewa wani nau'in hoton ƙwaƙwalwa mai suna MRI yana iya nuna ko raunin sabo ne har a yi allurar, amma sai inda ake da na'urar da kuma wanda zai karanta hoton a kan lokaci. Abin da ba ya halatta shi ne a rage lokacin da gangan domin a samu a yi allurar, wanda ya yi haka ya sa likita ya auna haɗari da ma'aunin da ba daidai ba.

Me hoton nan na mutum 100 yake nunawa?

Shi ne zuciyar yawancin jagororin. Ana zana ƙananan mutane 100 a jere goma-goma, a shafa musu launi gwargwadon yadda suka kasance bayan wata 3: kore ga waɗanda suka koma harkokinsu, wani launi ga waɗanda suka rage da naƙasa, ja ko baƙi ga waɗanda suka yi zubar jini mai tsanani ko suka rasu. Ana ajiye hoto biyu gefe da gefe, ɗaya na waɗanda aka yi wa allura, ɗaya na waɗanda ba a yi musu ba, domin ido ya ga bambancin da kansa.

Alƙaluman da aka fi dogara da su sun fito ne daga nazarin 2014 da ya haɗa gwaje-gwaje 9 masu marasa lafiya 6,756. A cikin waɗanda aka yi wa allura cikin awa 3, kusan 33 cikin 100 sun warke ba tare da naƙasar da za ta hana su komai ba, a cikin waɗanda ba a yi musu ba kuwa kusan 23 ne. Tsakanin awa 3 zuwa 4 da rabi tazarar ta tsuke, ta zama kusan 35 da 30. A ɗaya gefen, zubar jinin da ya yi sanadin mutuwa cikin makon farko ya sami kusan mutum 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura, alhali bai kai mutum 1 ba cikin waɗanda ba a yi musu ba.

Akwai gaskiya biyu a cikin hoton da baki kaɗai ba ya cika isar da su. Ta farko, mutane da dama suna warkewa ko ba a yi allurar ba, ta biyu kuma, mafi yawan waɗanda aka yi wa allurar ba sa komawa garau duk da haka. Allurar tana ƙara yawan masu tsira da lafiyarsu ne, ba sha yanzu magani yanzu ba ce. A ganina wannan ne babban amfanin hoton: iyalin da suka gan shi ba za su ɗauka likita ya yi musu alƙawarin da bai yi ba, kuma idan ƙaddara ta faɗa kan nasu, sun riga sun san cewa jajayen nan suna cikin lissafi tun farko. An kuma fi son a ce “mutum 3 cikin 100” a kan a ce haɗari ya ninka sau kaza, domin maganar ninki tana firgita mutum ba tare da ta gaya masa girman abin ba.

Idan aka ce mara lafiya “ya samu sauƙi”, me ake nufi?

Ana amfani da wani ma'auni mai suna Rankin, wanda ya tashi daga 0 zuwa 6. Mai 0 ba shi da sauran alama, mai 1 yana da 'yar alama amma yana duk ayyukansa, mai 2 yana kula da kansa ko da ya bar wasu ayyukan, mai 3 yana tafiya da ƙafarsa amma yana buƙatar taimako, mai 4 ba ya tafiya ko kewayawa sai an riƙe shi, mai 5 yana kwance sai an juya shi, 6 kuwa rasuwa ce. Ya kamata a tambayi likita wane mataki hoton yake kira nasara, domin a gwaje-gwajen allura galibi 0 da 1 ake nufi, a na zaro gudan jini kuma 0 zuwa 2. Ma'aunin ba ya sanin sana'ar kowa. Ɗan raunin yatsu da manomi zai iya jurewa yana iya raba tela da kekensa, haka ma 'yar sarƙewar harshe da ba za ta dami wani ba tana iya sauke limami daga limanci, kuma iyali ne kaɗai za su iya gaya wa likita wannan.

Akwai jagororin da aka gina aka kuma gwada a asibiti?

Akwai. A Jami'ar Newcastle da ke Ingila an gina wata manhaja mai suna COMPASS, aka wallafa bayaninta a 2015. Likita yana shigar da shekarun mara lafiya, tsananin ciwon bisa ma'aunin NIHSS mai tashi daga 0 zuwa 42, hawan jini, yawan sukari a jini, da mintocin da suka wuce, sai ta fitar da ƙiyasin wannan mutumin cikin lambobi da hotuna. An ɗora ta ne a kan wani lissafi mai suna S-TPI da David Kent da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2006. A Amurka kuma an yi wata mai suna RESOLVE, wadda aka tsara bayan an zauna da waɗanda suka taɓa yin ciwon da masu jinyarsu an ji irin bayanin da suka fi ganewa.

Babban nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, kan jagororin yanke shawara a fannonin lafiya daban-daban, wanda bugunsa na 2024 ya tattara gwaje-gwaje sama da 200, ya nuna cewa suna ƙara wa mutane sanin zaɓin da ke gabansu, suna kuma gyara musu fahimtar girman haɗari. Sai dai mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje ba a sashen gaggawa aka yi su ba, kuma na shanyewar ɓarin jiki ƙanana ne, sun fi auna ko likitoci da iyalai sun ji daɗin amfani da su. Saboda haka ba daidai ba ne a ce an tabbatar jagorar da kanta tana rage naƙasa, maganin ne aka tabbatar da amfaninsa.

Ashe nuna hotuna da lissafi ba ɓata lokaci ba ne alhali ƙwaƙwalwa tana mutuwa?

Zai zama ɓata lokaci idan aka tsayar da komai domin a yi bayani. Asibitocin da suka ƙware suna ƙoƙarin kada a wuce minti 60 daga shigowar mara lafiya zuwa fara allura, wasu ma suna yi cikin rabin haka, kuma suna cim ma wannan ne ta hanyar gudanar da ayyuka a lokaci guda. Yayin da ake tura gadon zuwa ɗakin hoto, ma'aikaciyar jinya tana sa masa allurar ƙarin ruwa, wani yana soka yatsa domin auna sukari, likita kuma yana tafe da babban ɗan mara lafiya a baranda riƙe da kati. Maganar ba ta wuce irin wannan ba:

“Malam, mahaifinku jijiya ce muke zaton ta toshe a ƙwaƙwalwarsa. Idan hoto ya nuna babu zubar jini, akwai allura. Dubi nan, cikin mutum 100 irinsa, koren nan su ne masu warkewa in ba a yi ba, waɗannan kuma in an yi. Jajayen nan su ne waɗanda allurar ke cutarwa, wasunsu har rasuwa. Ni shawarata a yi. Shi Baba, da yana iya magana, me kake jin zai ce?”

Wannan bai kai minti biyu ba. A lura cewa likitan ya faɗi ra'ayinsa, domin miƙa wa mutum kati a ce ya zaɓa da kansa, alhali hankalinsa a tashe yake, guje wa nauyi ne.

Idan mara lafiya ba ya iya magana, wa zai yanke shawarar?

Ciwon yakan taɓa sashen magana, musamman idan ɓarin dama na jiki ne ya shanye, wani lokaci kuma mutum ba ya ma sanin hannunsa na hagu ya mutu, sai ya riƙa cewa lafiyarsa lau. Amma karkacewar baki kaɗai ba ta nufin hankali ya gushe, don haka wanda yake fahimta shi za a fara tambaya ko da da kai ne zai amsa. Idan ba ya iyawa, sai a koma ga makusancinsa, kuma tambayar da ake yi masa ita ce abin da mara lafiyar zai so, ba abin da shi yake so ba. Idan babu kowa, ƙa'idar aikin likita a ƙasashe da yawa ta yarda a yi maganin gaggawa da aka san amfaninsa ba tare da jira ba.

A gidajenmu matsalar takan zo ta wata fuska. Matar da ta kwana da mara lafiya, ta san magungunansa da lokacin da abin ya faru, takan ce ba za ta sa hannu ba sai an kira yayansa, shi kuma yana wani gari wayarsa a kashe. Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma agogon awa 4 da rabi ba ya tsayawa jiran kowa, don haka gidan da ke da mai hawan jini ko ciwon sukari ya kyautu su tsayar tun ana lafiya da wanda zai yi magana idan irin wannan rana ta zo.

Yaya batun zaro gudan jini da na'ura?

Ana zura siririn bututu ta jijiyar gindin cinya ko ta wuyan hannu har zuwa ƙwaƙwalwa, a kamo gudan jinin a fito da shi. Babbar jijiya ce kaɗai ake yi wa haka. Gwaje-gwaje 5 da aka wallafa a 2015, wanda MR CLEAN na ƙasar Holan ya buɗe musu hanya, sun nuna cewa kusan 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun koma kula da kansu, idan aka kwatanta da kusan 27 na waɗanda aka yi wa magani kawai. A 2018 gwaje-gwajen DAWN da DEFUSE 3 suka nuna cewa wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya suna amfana har zuwa awa 24 a na farko, awa 16 a na biyu. A nan tazarar tana da faɗi har ba a cika jayayya ba, abin da jagorar ta fi taimakawa a kai shi ne bayyana dalilin ɗaukar mara lafiya cikin gaggawa zuwa wani asibitin.

A ina ne ra'ayin mara lafiya ya fi nauyi a kan alƙaluma?

A tiyatar cire wani ɓangare na ƙoƙon kai. Idan toshewar ta yi girma, ƙwaƙwalwa takan kumbura cikin kwana biyu zuwa biyar ta rasa wurin faɗaɗa, sai a cire ƙashi domin a ba ta sarari. Nazarin 2007 da ya haɗa gwaje-gwaje 3 na Turai kan mutanen da ba su wuce shekara 60 ba, waɗanda aka yi wa aikin cikin awa 48, ya nuna cewa kusan 78 cikin 100 sun rayu, alhali kusan 29 ne suka rayu ba tare da tiyatar ba. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka ceto sun rayu ne da naƙasar da sai an kula da su kullum, kuma a waɗanda suka haura 60 abin ya fi tsanani. Gaba kura ce baya sayaki, kuma babu lissafin da zai gaya wa iyali ko mahaifinsu zai zaɓi rayuwa a kan keken guragu. Sa'ar da ake da ita ita ce akwai 'yan awanni na zama a yi shawara, har a kira wanda ya kamata a kira.

Haka nan a zubar jini cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ma'auni na 2001 mai maki 0 zuwa 6 da ke ƙiyasta haɗarin mutuwa. Masana sun yi gargaɗi kada a yi amfani da shi wajen janye kulawa a ranar farko, domin wanda aka yanke ƙauna da shi aka rage masa kulawa zai mutu, sannan mutuwar tasa ta zama kamar ta gaskata ƙiyasin.

Alƙaluman da aka tattara a Turai da Amurka sun dace da marasa lafiyarmu?

Da taka-tsantsan. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon fashewar jijiya ce ta same su, adadin da ya zarce na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba, kuma hawan jini ne babban sanadi. Wannan yana ƙara wajabta hoton CT kafin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alteplase cikin jerin muhimman magunguna a 2019, amma asibitocin da ke da ita a ajiye dare da rana kaɗan ne a yankinmu, kuma galibi iyali ne ke biyan kuɗin hoto da na magani daga aljihunsu. Jagorar da za ta yi gaskiya a nan dole ta faɗi abin da asibitin yake da shi da abin da babu, da nisan inda ake da shi, da kuɗin da za a kashe, kuma a yi ta cikin harshen da iyali suke ji. Hoton mutum 100 yana da wannan fa'ida, wanda bai yi karatun boko ba ma yana iya ƙirga kore da ja.

Me iyali za su zo da shi domin ƙiyasin ya yi daidai?

Su zo da mara lafiya nan take da zarar sun ga baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, kuma su nufi asibitin da suka san yana da na'urar CT, tare da wanda ya gan shi lafiya na ƙarshe. Su kwaso duk magungunansa a cikin kwalayensu, musamman masu tsinka jini irin su warfarin, rivaroxaban da apixaban, domin wanda ya sha ɗayan biyun ƙarshe cikin awa 48 galibi ba a yi masa allurar. Su faɗi idan an yi masa tiyata kwanan nan, ko ya bugu a kai, ko ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa ko a ciki. Kada a ba shi asfirin a gida kafin hoto, kada kuma a ƙara masa maganin hawan jini da hannu, likita ne zai sauko da shi ƙasa da 185 bisa 110 idan za a yi allurar. Addu'a da tofi ana iya yin su a cikin mota ana tafe, amma kada a ɗura masa ruwa, rubutu, koko ko jiƙo, domin ciwon yakan taɓa haɗiya, abin da aka ɗura sai ya bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu, kuma a asibiti ma ba a ba shi komai ta baki sai ma'aikaciyar jinya ta gwada haɗiyarsa da ɗan cokalin ruwa.